Kamfanin gadin da layinmu ya ɗauka a Kaduna: abin da kuɗinmu ya saya mana

Tun da layinmu ya ɗauki kamfanin gadi, mutanen wasu layuka suke tare ni a gidan biki ko a bakin asibiti suna tambaya ko su ma su ɗauka. Ni suke tambaya saboda ni ke riƙe da littafin kuɗin. Maza ba sa shiga gidajen aure, don haka da aka kafa kwamiti aka ce a samu mace da za ta riƙa bi gida-gida tana karɓar kuɗin wata, sai abin ya faɗo kaina. Na san abin da muke biya, na san abin da ke isa hannun masu gadin, na san fitilar da ke ci da wadda ta mutu. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin a maganata akwai yabo akwai ƙorafi, ire-irensa kuma sun yi yawa a garin nan, tsarinsu kusan ɗaya ne.

Muna zaune ne ta ɓangaren Unguwar Dosa, ba nisa da Kawo. Layi ne mai baki biyu, gidaje 42 da 'yan shaguna, yawanci ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho. Abin da ya kai mu ga wannan shawara ƙwacen waya ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin abin ya iso ƙofarmu na daɗe ina ganinsa a wurin aiki. Raunin kusan iri ɗaya ne kullum: yanka a tafin hannu ko a damtse, domin mutum idan aka fizgi wayarsa riƙewa yake yi kafin ya yi tunani, su kuma yaran da wuƙa suke tafe. Akwai wanda ɗinki kawai za a yi masa ya tafi gida. Akwai wanda wuƙar ta taɓa jijiya, yatsunsa ba za su ƙara naɗewa yadda suke ba, a kan wayar da ba ta kai kuɗin aikin da za a yi masa ba. Da aka tare wani magidanci a bakin layinmu yana dawowa daga sallar Asuba, aka kuma fasa shagon mai cajin waya, aka cire batiran motoci a dare ɗaya, sai mai unguwa ya tara mutane bayan sallar Isha'i.

Wanda ba a Kaduna yake ba yana bukatar ya fahimci cewa tsoro iri biyu ne a jihar nan, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai na 'yan bindiga masu satar mutane, akwai na cikin gari, wato 'yan daban da ake kira 'yan shara da masu ƙwace da masu haura katanga. Na farkon shi ne ya ɓata mana suna a duniya. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta jiha, a lokacin Samuel Aruwan yana kwamishina, ta riƙa fitar da rahoto duk shekara. A 2020 ta ce an kashe mutum 937, an sace 1,972. A 2021 an kashe 1,192, an sace 3,348. A 2022 an kashe 1,052, an sace 4,227. Mafi yawan wannan ɓarna a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru aka yi ta, kuma Igabi da Chikun su ne suka rungume garin Kaduna ta gefe da gefe. Shi ya sa mu mazauna cikin gari ba mu taɓa jin abin a matsayin labarin nesa ba. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji da ke Afaka, ta wajen Mando. A watan Agusta na wannan shekarar aka shiga har cikin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Ƙarshen Satumba gwamnati ta katse layukan waya a wasu sassan jihar, ta hana hawa babur, ta ce Keke Napep ya tsaya da ƙarfe bakwai na yamma. Na tuna yadda muke rige-rigen barin asibiti kafin magariba don kada mutum ya taka da ƙafa. Sai kuma ranar 28 ga Maris, 2022, da aka kai wa jirgin ƙasa na Abuja hari, jirgin da duk muka koma wa saboda tsoron Rijana da Katari, inda ake tare motoci a hanyar Abuja. Bai dawo aiki ba sai Disamba.

Na kawo wannan ne don a gane maganar farko da na ji daga bakin manajan kamfanin, wadda ita ce ta sa na amince da shi. Wani daga cikin dattawanmu ya tambaye shi ko yaransa za su iya tare masu garkuwa da mutane in sun zo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za su iya ba. Doka ba ta ba mu izinin riƙe bindiga ba. Duk wanda ya ce maka zai iya, kuɗinka yake so." Gaskiya ya faɗa. Dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu ta hana su makami mai harsashi, kuma hukumar Sibil Difens ce ke kula da rajistarsu da sa musu ido. Ya nuna mana lasisinsa, shugaban kwamitinmu ya je ofishin hukumar da kansa ya tabbatar. Duk layin da zai ɗauki kamfani ya fara da wannan, domin akwai masu ɗinka yunifom su buga takarda mai tambari su ce su kamfani ne.

Yarjejeniyar da muka yi ta ƙunshi masu gadi huɗu, ɗaya da rana uku da dare, da fitilun sola 12, da kyamarori huɗu, da mai duba aiki da zai riƙa zagayowa a kan babur. Ƙofofin ƙarfe na bakin layi mu muka sa aka ƙera mana a Panteka. Karo-karon farko ya tashi a kan naira 30,000 kowane gida, daga nan kuma naira 6,000 duk wata, shago 3,000.

Masu gadin su ne zuciyar aikin, a nan kuma yabona da ƙorafina suka haɗu. Akwai wani dattijo a cikinsu, tsohon soja ne da ya yi ritaya, kowa Baba yake ce masa. Tun makon farko ya nemi a ba shi littafi da biro. Ya bi gida-gida yana gaisawa, yana tambayar wa ke fita da asuba, wa ke dawowa cikin dare, wane gida ne ke da mara lafiya, wane ne ke da almajirin da ke kwana a zaure. Ya san masu keken da suka saba kawo mutanen layin, har lambobinsu ya rubuta. Idan baƙon keke ya shigo bayan Isha'i, ba ya ɗaga murya. Zai matso da tocilarsa a ƙasa, ba a fuskar mutum ba, ya yi sallama, ya tambayi gidan wa za a je, ya ce to bari yaro ya raka ku. Mai gaskiya yana jin an girmama shi, mara gaskiya kuma ya san an gan shi. Na sha dawowa daga aikin dare in same shi a tsaye, ba a kan benci ba, ya lulluɓe kansa da rawani saboda sanyi, usur a wuya, gora a jingine. Zai ce, "Sista, sannu da aiki, yaya masu jiki?" ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya tsaya yana haska mini hanya har sai ya ji na tura sakata. Wannan tsayuwar tasa ta minti ɗaya ita ce abin da na fi jin na biya wa kuɗi.

Sauran ukun kuwa ba sa zama. Yaro zai zo, ya fara gane fuskoki, ya san wane ne ɗan gida wane ne baƙo, sai a wayi gari an kawo wani. Sabon zai tare mai gida a ƙofar layinsa yana tambayarsa wurin wa ya zo, a yi ta cacar baki. Koyar da su mutanen layi ya zama kamar zuba ruwa a kwando. Da na matsa da tambaya sai na gano dalili. Muna biyan kamfani naira 60,000 a kan kowane mai gadi, abin da ke isa hannunsa 35,000 ne, shi ma wani lokacin sai wata ya yi nisa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, gwamnatin Kaduna ma ta amince da 72,000 ga ma'aikatanta. Na san kamfani yana da nasa kashe-kashen, akwai yunifom da mai na babur da haraji da ofis, kuma na san mu ma abin da muke biya bai kai ba. Amma mutumin da zai kwana a tsaye daga shida zuwa shida, ya biya kuɗin mota daga Rigasa ko Hayin Banki, ya ci abinci, ya aika wa iyali, a kan 35,000, ba zai daɗe ba. Wanda ya daɗe kuma dole ya nemi aikin rana, sai ya zo gadi da barci a idonsa. Na taɓa samun ɗaya ya yi nisa a barci a kan benci ƙarfe biyu na dare, ƙofa a sakaye kawai. Ban kai ƙararsa ba sai da na tambaye shi, ya ce da rana leburanci yake yi a wurin gini a Millennium City. Yunwa a bakin ƙofa haɗari ce gare mu duka, domin mai gadi shi ya fi kowa sanin gidan da mai shi ya yi tafiya.

Abin da matan layin suka yi shi ne rabon kwana: kowane dare gida ɗaya ke fitar da tuwo da ruwan shayi a fulas. Ya taimaka, kuma ya sa yaran suna jin su na gida ne. Sai dai wannan alheri ne, bai kamata ya zama shi ne ke cike giɓin albashi ba.

Mai duba aikin yana zuwa, ba zan yi masa ƙarya ba, amma lokacinsa sananne ne. Wajen sha ɗaya da rabi za ka ji ƙarar babur ɗinsa, ya sa hannu a littafi, ya wuce. Duk wanda ke son barci ya san bayan nan babu mai zuwa. Mun ce ya riƙa sauya lokaci, ya yi na 'yan kwanaki ya koma yadda ya saba.

Maganar ƙofa ita ce ta fi tayar da ƙura. An tsara a rufe ɗaya bakin layin ƙarfe goma, ɗayan ƙarfe sha ɗaya, a buɗe kafin kiran sallar farko. A watannin farko makullin babbar ƙofa yana hannun mai gadi ɗaya ne. Wani dare naƙuda ta kama wata maƙwabciyata, haihuwar fari, jini kuma ya ɓalle mata. Aka buga mini ƙofa, na duba ta na ce a fita da ita yanzu-yanzu. Muka sa ta a mota, muka iso bakin layi, mai makulli ya tafi zagaye ta ɗaya ƙarshen, oba-obarsu kuma babu caji. Mijin yana danna hon, yana dukan ƙarfen da hannu, ni ina bayan mota na danne mata mara ina kallon zanin yana jiƙewa. Duk wanda ya yi aikin ɗakin haihuwa ya san abin da minti goma ke nufi a irin wannan hali. Allah ya sa an kai ta a kan lokaci, ita da jaririyar suna nan lafiya. Amma washegari na je wurin shugaban kwamiti na ce, "Alhaji, ko a gyara maganar makullin nan yau, ko in ajiye littafi." Kamfanin bai yi gardama ba, wannan kam na yaba musu. Manajan ya zo da kansa ya duba mai jego, ya ba da haƙuri. Yanzu makulli uku ne: ɗaya a wurin masu gadi, ɗaya a gidan da ke manne da ƙofa, ɗaya a wurin liman. An kuma kafa doka cewa ba a barin babbar ƙofa babu mutum ko da na minti ɗaya. Abin da ya dame ni shi ne kamfanin da ya ce ya shekara da shekaru yana wannan aiki bai kawo wannan tsari tun farko ba. Rufe layi yana hana ɓarawo fita, yana kuma iya hana mara lafiya da motar kashe gobara wucewa. Duk wanda zai sa ƙofa ya auna faɗinta da babbar mota, ya kuma yanke maganar makulli kafin a ɗaura kwaɗo.

Fitilun sola su ne abin da ba ni da wata-wata a kansa. A da, idan aka ɗauke wuta, layin nan duhu ne ƙirin, musamman lungun bayan masallaci inda yara ke taruwa suna shaye-shaye. Da haske ya zo, taron ya watse da kansa ba tare da an kori kowa ba. Mai shayi ya dawo da teburinsa, mai ƙosai ta ƙara awa ɗaya, yara 'yan Islamiyyar dare suna dawowa a cikin haske. Inda mutane ke zaune a waje, mai ƙwace ba ya son wurin. Matsalarsu biyu ce. Lokacin hazo ƙura tana rufe farantan, sai ka ga fitila ta dushe tun ƙarfe uku na dare, daidai lokacin da aka fi bukatarta. A tsakiyar damina kuma, in aka jera kwanaki ana hadari, haka nan. Goge farantan ba ya cikin yarjejeniya, sai da muka sayi tsani muka ɗora wa matasan layin duk ranar Asabar. Guda biyu sun mutu kafin shekara, kamfanin ya sauya ɗaya, ɗayar har yau ana cewa kaya na hanya.

Kyamarori kuwa, da za a dawo da maganar, da na ce a ƙara fitilu da kuɗinsu. Da rana hotonsu tas, har lambar mota kana karantawa. Da dare, wanda shi ne dalilin sayensu, mutum yana zama wata farar inuwa mai tafiya. An sace injin jan ruwa a wani gida, muka taru a ɗakin da na'urar take, aka mayar da hoton baya. Ga mutum nan ya hauro ta katangar baya, ga shi ya fita da abu a kafaɗa, amma ko uwar da ta haife shi ba za ta rantse shi ne ba. Wani karon da aka nemi hoton abin da ya faru makonni biyu baya, sai aka ce na'urar ta riga ta goge ta ɗora sabo a kai, abin da ba wanda ya gaya mana ranar da ake kafawa. Amfaninsu ɗaya da na gani shi ne tsoratarwa, yaran unguwa sun san akwai ido. Wanda zai saya ya ce a gwada masa da dare kafin ya biya, a sa mutum ya tsaya nesa a ga ko za a gane fuskarsa, ya kuma tambayi kwana nawa take ajiye hoto da awa nawa batirinta ke ɗauka in babu wuta.

Akwai wani dare da ya sa na ƙara ganin girman Baba da horon da kamfanin ya ce yana ba mutanensa. An kama wani yaro, bai fi shekara goma sha bakwai ba, da wayar wata baiwar Allah a aljihunsa. Kafin ka ce me, layi ya cika, har daga maƙwabta, wasu da sanduna, wani yana kiran a kawo taya. Baba ya tura yaron cikin ɗakin gadi, ya ja ƙofa, ya tsaya a bakinta da faɗin ƙirjinsa. Ya ce duk wanda zai taɓa yaron nan sai ya fara da shi. Ya sa aka taso liman da mai unguwa, ya kira ofishin 'yan sanda na yankinmu, bai matsa ba har motarsu ta iso. Na san irin gawar da ake kawo mana bayan jama'a sun yanke hukunci da hannunsu, na kuma san wani lokacin daga baya ake gano ba shi ne ba. Garin nan ya ga abin da taron fushi ke haifarwa a 2000 da 2002 da 2011, har zaman mutane ya rabu, wasu suka koma kudancin kogi wasu arewa. Mai gadin da ya san aikinsa kamawa ne da miƙawa, ba duka ba, ya fi mini kyamara goma. A lambobin da aka liƙa a jikin ɗakin gadi akwai ta DPO, da ta 'yan sintirin jiha na KADVS da ke yankinmu, da lambar gaggawa ta 112. Gwamnatin Uba Sani ta ɗauki mutum 7,000 aikin sintirin nan a 2023, kuma muna ganinsu a unguwanni. Kamfanin da bai da alaƙa da waɗannan, ya zama shi kaɗai ne da gorarsa, ba zai yi muku amfani ba ranar da abu ya fi ƙarfinsa.

To, an samu sauƙi? An samu. Tun da aka fara, ba a sake tare kowa da wuƙa a cikin layin ba, ba a sake fasa shago ba, satar da aka yi ta katangar baya ce inda babu haske. Sai dai ina jin nauyin wani abu a raina. Ɓarayin ba tuba suka yi ba, layin gaba suka koma. Matan can suna gaya mini abin ya ƙaru a wurinsu, su kuma yawancinsu 'yan haya ne masu ɗaki ɗaya, ba za su iya 6,000 duk wata ba. A cikin layinmu ma akwai zawarawa da tsofaffi da ba na iya buɗe baki in tambaye su, kwamiti ya yafe wa gidaje biyar, wasu masu hali suka ɗauki nauyinsu a ɓoye. Akwai kuma masu hali da sai na yi ta sintiri kafin su biya, alhali motocinsu ne suka fi kowa cin moriyar ƙofar. Tsaron da sai mai kuɗi zai samu ba zai zaunar da gari ba, ga yaran nan kuma da muke gudu a unguwannin nan aka haife su, ƙwaya da rashin aikin yi suka cinye su muna kallo.

'Yan'uwa da ke shirin dawowa Kaduna, ko waɗanda aka yi wa sauyin wurin aiki, tambayarsu ɗaya ce: ina ne ya fi kwanciyar hankali? Abin da nake gaya musu daga zamana a garin shi ne, game da masu satar mutane, abin dubawa shi ne nisanka da daji. Tsofaffin unguwannin tsakiya irin su Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, da Barnawa ta kudancin kogi, gari ya kewaye su ta ko'ina, ga jami'an tsaro kusa. Sababbin unguwannin bakin gari, inda fili ke da araha kuma bayan katangarka gona ce, su ne suka fi shan wahala a shekarun da abin ya yi tsanani, ta wajen Gonin Gora da bayan Sabon Tasha da gefen Mando da ƙetaren Millennium City. Unguwanni masu cunkoso kamar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suna da nasu ƙarfin, domin kowa ya san kowa kuma ba a rasa mutane a waje, amma nan ne mutum zai fi kula da wayarsa a bakin titi da cikin keke. A faɗin jiha kuma, ƙananan hukumomin arewa maso gabas irin su Makarfi da Kudan da Ikara ba su ga irin abin da yammacin jihar ya gani ba. An kuma samu canji na gaske a 'yan shekarun nan. Bayan sace 'yan makarantar Kuriga a watan Maris na 2024, gwamnati ta bi hanyar sulhu, a watan Nuwamba aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanyar. Mutane na da ra'ayi daban-daban a kan sulhu da waɗanda suka zubar da jini, ni ma raina bai gama kwanciya da shi ba, amma masu jinya da ke zuwa mana daga can suna cewa sun koma gona, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka nakan ce wa mai neman gida kada ya tsaya ga sunan unguwa. Ya je layin da dare ya gani da idonsa, ya zauna wurin mai shayi ya saurara, ya tambayi ko akwai kwamiti, ya duba abin da ke bayan katanga.

Ga layin da ke cikin gari, wanda damuwarsa ƙwace da ƙananan sata ce, kuma mutanensa za su iya haɗa kai su biya a kan lokaci, ina ba da shawarar a ɗauki irin wannan kamfani, a fi ba fitila ƙarfi a kan kyamara. Ga wanda ke bakin daji, kada ya ɗauka yunifom da usur sun wadatar, maganarsa da jami'an tsaro ce da haɗin kan unguwa gaba ɗaya.

Yarjejeniyarmu za ta ƙare ƙarshen wata mai zuwa, kuma kwamiti ya rubuta sharuɗɗan sabuntawa. Za mu ƙara kuɗin wata zuwa 7,500, da sharaɗin ƙarin ya tafi kai-tsaye ga masu gadi, a riƙa biyansu ta banki kafin biyar ga wata, a nuna mini shaida. Ba za a sauya mana mutum ba sai an sanar da mu da dalili. Goge farantan sola da gyaran fitila cikin mako guda su shiga rubuce, a ƙara fitila biyu a katangar baya, mai duba aiki kuma ya riƙa zuwa bayan ƙarfe biyu. Mun kuma fara magana da dattawan layin gaba ko za a haɗa zagayen dare, su kawo abin da za su iya. In kamfanin ya yarda za mu sa hannu na wata shekara. In bai yarda ba, takardun wasu kamfanoni biyu suna hannun Alhaji, kuma sharaɗin farko da za mu gindaya wa duk wanda ya zo shi ne ya ɗauki Baba aiki ya bar mana shi a ƙofarmu.